Filin Amsa Tambayoyi: Abin da Ke Riƙe Ruwa a Kanal da Kogi

Wasiƙun wannan fitowa sun zo daga wurare daban-daban, amma da aka jera su sai aka ga duk a kan abu guda suke, wato yadda kaushin ƙasan magudana da na gefunanta yake rage wa ruwa gudu. An taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni manomin rani ne a ƙasar Kura ta Jihar Kano, kuma gonata tana can ƙarshen wani ƙaramin kanal na ƙasa da ba a yi masa siminti ba. Ana buɗe ƙofar ruwa kamar yadda aka saba, kanal ɗin kuma daga sama cike yake maƙil har yana neman tumbatsa, amma abin da yake isowa gare mu bai kai rabin na da ba. Wasu daga cikinmu sun fara zargin na sama da janye ruwa da dare. Ta yaya kanal zai cika amma ruwa ya ƙi isowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a ɓata zumunci da maƙwabta, ya kamata a sauka a dubi cikin kanal ɗin, domin alamar da ka bayar, wato tumbatsa daga sama da ƙaranci daga ƙasa, ta fi kama da ta kanal da ciyawa da laka suka shaƙe. Inda ake janye ruwa, raguwa yake yi a wurin, ba ya taruwa har ya nemi tsallake gefe. Wannan bai kore sauran dalilai ba, kamar tsiyaya ta ramukan ɓera da fasassun gefuna, amma da shaƙewa ya dace a fara bincike.

Ruwan da yake tafiya a buɗaɗɗiyar magudana babu injin da yake tura shi, nauyinsa ne yake jan sa zuwa gangare. Abin da yake hana shi ya yi ta ƙara sauri ba iyaka shi ne gogayyarsa da ƙasa da gefuna. Ruwan da yake manne da ƙasa kusan a tsaye yake, shi kuwa yana riƙe na samansa, na saman ya riƙe wanda yake bisa shi, har riƙon ya kai fuskar ruwa, shi ya sa gudu mafi sauri yake a tsakiyar magudana, ƙasa kaɗan da fuskar. Kowane dutse, kowane tushen ciyawa da kowane rami yana tilasta wa ruwa ya kauce, a bayansa kuma ruwan ya riƙa jujjuyawa, kuma wannan jujjuyawa ita ce take cinye mafi yawan ƙarfin da gangara ta ba shi. Idan kaushi ya ƙaru, ruwa yana rage sauri, na baya ya cim ma na gaba, ya taru ya yi zurfi. Da zarar taruwar ta kai ga ƙofar ruwa, bambancin tsayin ruwan da ke gaban ƙofar da na bayanta yana raguwa, sai ƙofar ta riƙa wucar da ƙasa da abin da ta saba, ko da yake an buɗe ta daidai yadda aka saba. Mai kallo daga sama zai rantse ruwa ya yi yawa, na ƙarshen layi kuwa yana kukan ƙishi.

Injiniyoyi sun daɗe da sanya wannan a ma'auni. Wani Bafaranshe mai suna Antoine de Chézy ne ya fara tsara lissafinsa wajen shekarar 1770, lokacin da ake shirin janyo ruwan kogin Yvette zuwa birnin Paris. Lissafin da aka fi aiki da shi a yau yana ɗauke da sunan Robert Manning, injiniyan ƙasar Ayalan wanda ya fara rayuwarsa a aikin akanta, ya gabatar da shi a 1889, aka buga a 1891, ko da yake wani Bafaranshen, Philippe Gauckler, ya riga shi kawo irinsa a 1867. Lissafin ya rataya saurin ruwa a kan abubuwa uku: gangarar magudana, da yawan ruwa idan aka gwada shi da faɗin bangon da ya jiƙa, da kuma wata lamba da take nuna kaushi, wadda ake rubutawa da harafin n. Kankare mai sulɓi lambarsa tana wajen 0.013, kanal na ƙasa mai tsabta wajen 0.022 zuwa 0.025, wanda ciyawa ta cika har ta kai tsayin ruwa kuwa yana kaiwa 0.08, wani lokaci ya wuce.

A ɗauki kanal mai faɗin mita 2, ruwa a cikinsa zurfin mita 1, yana gangarawa mita 1 a kowace kilomita. Idan na kankare ne, ruwan zai yi gudun kimanin mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, ya wucar da lita 3,000 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Idan aka bar fasalinsa yadda yake amma bangonsa ya zama na ƙasa, abin zai sauko zuwa kimanin lita 1,600. Idan ciyawa ta mamaye shi, lita 500 kawai zai wucar, alhali zurfin ruwan bai canza ba ko da taƙi guda. Ke nan kanal ɗaya, cika ɗaya, amma ruwan da yake wucewa ya koma kashi ɗaya bisa shida. Wani abin lura shi ne gangara ba ta saurin rama wannan asara, domin idan lambar kaushi ta ninka sau biyu, sai gangara ta ninka sau huɗu kafin a koma gudun farko, kuma babu manomin da yake da ikon karkata ƙasarsa haka.

Matsalar ba taku ba ce ku kaɗai. A gandun Jazira na ƙasar Sudan, inda 'yan uwanmu Hausawa da yawa suke noma, ana shayar da gonaki daga madatsar Sennar tun 1925, kuma laka da kogin Nilu yake saukowa da ita daga tsaunukan Habasha a damina, tare da ciyawar da take tsirowa a kanta, suna daga cikin manyan abubuwan da suke cinye kuɗin kula da kanal-kanal ɗin wurin.

Kuna iya gwadawa da kanku ba tare da na'ura ba. Ku auna taku talatin a miƙaƙƙen wuri, ku jefa guntun kara a tsakiyar ruwa, ku duba daƙiƙa nawa zai yi kafin ya kai ƙarshe, sa'annan ku maimaita bayan kun yashe kanal ɗin. Ku tuna cewa saman ruwa ya fi cikinsa sauri, don haka masu awo sukan ɗauki kimanin kashi 85 cikin 100 na gudun karan a matsayin matsakaicin gudu. Yasar kuwa aikin gayya ce, domin idan mutum goma suka gyara gabansu, guda ya bar nasa, wurin da aka bari shi zai ci gaba da yanke wa kowa abin da zai wuce. Kada a tara lakar da aka kwaso a bakin gefe inda za ta koma ciki, kuma kada a zurfafa haƙa har a ɓata gangarar asali, domin rami a tsakiyar kanal wurin kwanciyar sabuwar laka ne.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun aikin injiniya a Zariya. A ɗakin gwaji mun shimfiɗa tsakuwa a ƙasan magudana, muka auna lambar kaushi, sai muka ga tana sauyawa duk lokacin da muka ƙara ruwa, alhali tsakuwar ita ce dai. A littafi kuwa lamba ɗaya aka ba tsakuwa. Shin awonmu ne ya kauce?

Amsa: Awonku daidai yake, ɗiyata, kuma abin da kuka gani ya fi jadawalin littafi kusa da gaskiya. Kaushi abu ne da ake gwadawa da zurfi. Tsakuwa mai girman ƙwan zabo babban cikas ce ga ruwan da bai wuce idon sawu ba, domin ta tare kaso mai yawa na hanyarsa, amma a ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita uku tasirinta ya ragu ƙwarai. Johann Nikuradse ya nuna wannan a Göttingen ta Jamus a 1933, inda ya manna yashi mai girma ɗaya a cikin bututu iri-iri ya auna turjiyarsu. Ya gano cewa idan ƙwayoyin yashin sun nutse a cikin siririn ruwan da yake manne da bango, bututun yana aiki tamkar mai sulɓi, idan kuwa sun leƙo samansa, abin da yake yanke hukunci shi ne girman ƙwayar idan aka gwada shi da faɗin bututun. Lissafin Manning yana aiki sosai ne idan zurfin ruwa ya ninka girman duwatsun sau da yawa. A magudanar ɗakin gwaji, inda ruwa bai cika wuce 'yan santimita ba, kuna can gefen da lissafin yake fara rauni.

Girman ƙwaya shi kaɗai ba ya ɗaga lambar da sauri. Albert Strickler na ƙasar Suwizalan ya nuna a 1923 cewa sai ƙwaya ta ninka girmanta sau 64 kafin lambar ta ninka sau biyu, wato daga yashi mai milimita 1, wanda lambarsa take wajen 0.015, zuwa duwatsu masu milimita 64, masu lamba wajen 0.030. To, me ya sa kogin yashi sau da yawa yake nuna lambar da ta fi ta ƙwayarsa nesa ba kusa ba? Amsar tana cikin siffar da yashin yake ɗauka. Duk wanda ya taka busasshen kogi da rani ya ga yadda ruwa ya bar yashi a jere kamar kunyoyin gona, ƙanana a wani wuri, manyan tuddai a wani. Ruwan da kansa ne yake gina su, kuma a bayan kowane tudu yana rabuwa da ƙasa ya jujjuya, ya yi asarar ƙarfi. A 1952 Hans Albert Einstein, ɗan shahararren masanin nan Albert Einstein, wanda ya koyar a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da abokin aikinsa Barbarossa, sun raba turjiyar kogi gida biyu, ta ƙwayar yashi da ta siffar ƙasa, kuma a koguna masu yashi ta biyun takan rinjayi ta farkon.

Nan ne abin mamakin yake. Gwaje-gwajen da Simons da Richardson suka yi a jihar Colorado ta Amurka, waɗanda aka buga sakamakonsu a shekarun 1960, sun nuna cewa yayin da gudu yake ƙaruwa, ƙasa tana tashi daga ƙananan kunyoyi zuwa manyan tuddai, turjiya tana hawa, sa'annan idan gudun ya wuce wani mizani ruwan yana share tuddan, ƙasa ta baje, lambar kaushi ta faɗi zuwa kusan rabi ko ƙasa da haka. Saboda haka kogin yashi yana iya wucar da ruwa mai yawan gaske lokacin cikarsa ba tare da zurfinsa ya ƙaru gwargwadon haka ba. Wanda ya auna kaushin irin wannan kogi a farkon damina, ya ɗauki lambar ya tsara gada da ita, yana iya raina saurin da ruwan zai zo da shi a watan Agusta, kuma saurin ne yake ƙwaƙule gindin ginshiƙai.

Jadawalin da kuke karantawa, wanda akasarinsa ya samo asali daga wanda Ven Te Chow ya tattara a 1959, ai ba lamba ɗaya ya bayar ba idan kika duba da kyau, ya ba da mafi ƙanƙanta da matsakaiciya da mafi girma. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ma sai da ta fitar da hotunan koguna 50 a 1967, kowanne da lambar da aka auna masa, don injiniya ya kwatanta da abin da yake gabansa. A ganina wannan shi ne mafi gaskiyar bayani a kan lambar n: zaɓenta aikin ido ne da gogewa, kuma injiniya mai hattara yakan yi lissafi sau biyu, da babbar lamba don ya san iyakar tsayin da ruwa zai kai, da ƙaramar lamba don ya san iyakar saurinsa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni mazaunin birnin Kano ne. Tun da kaushi ne yake hana ruwa tafiya, me zai hana a zuba wa duk rafuka da kwatoci kankare, a miƙe su, a huta da ambaliya?

Amsa: Alhaji, a cikin gari mai cunkoso inda babu filin faɗaɗa magudana, kankare yana da amfani, kuma dalilin da ya sa aka yi wa wani sashe na Jakara ke nan. Haka mutanen Los Angeles suka yi wa koginsu bayan ambaliyar 1938. Sai dai ruwan da aka kora da sauri daga unguwa ɗaya ba ɓacewa yake yi ba, yana isa ga na ƙasa gaba ɗaya a lokaci guda, maimakon ya zo musu kaɗan-kaɗan. An ga haka a kogin Rhine na nahiyar Turai, wanda aka fara miƙe shi a 1817 bisa tsarin injiniya Johann Gottfried Tulla, aka rage tsawonsa da kimanin kilomita 80 tsakanin biranen Basel da Worms. Garuruwan da ke gefen wurin sun sami sauƙi, amma na ƙasa suka riƙa karɓar cikar ruwa da wuri kuma da ƙarfi, kogin ya kuma ci gindinsa ya zurfafa. A jihar Florida ta Amurka an mayar da kogin Kissimmee miƙaƙƙen kanal tsakanin 1962 da 1971, dausayin da ke gefensa ya bushe, daga baya aka kashe maƙudan kuɗi wajen cike wani sashe na kanal ɗin don a dawo da lanƙwasar kogin, aikin da aka kammala a 2021. Lanƙwasa da ciyayin gaɓa da faɗin fadama duk nau'o'in kaushi ne, kuma su ne suke jinkirta ruwan damina.

Akwai ma inda da gangan ake ƙara kaushi. Ruwan da ya fito daga kwalbati ko daga lambatun kankare yana zuwa da saurin da ƙasa zalla ba za ta iya jurewa ba, shi ya sa ake jera manyan duwatsu a bakin mafita don su karya ƙarfinsa. Inda aka yi sakaci da wannan, nan zaizaya take farawa, ta riƙa cin ƙasa da baya har ta kai gindin ginin.

Kuma sulɓin kankare ba ya ɗorewa da kansa. Lambatun da aka tsara da lamba 0.013, idan yashi da leda da robobi suka kwanta a cikinsa, gansakuka ta lulluɓe bangonsa, ya tashi daga wannan lamba, ga shi kuma faɗinsa ya ragu. Da yawa daga ambaliyar unguwanni daga nan take tasowa, don haka yasar da ake yi kafin faɗuwar damina tana cikin lissafin injiniya tun farko, ko da ba a rubuta ta a takarda ba.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni masunci ne a yankin Nguru. Kacalla ta cinye mana hanyoyin ruwa, wani wuri ruwa ya kwanta a gonaki, wani wuri ya daina zuwa. Ita ma wannan lissafi ya shafe ta?

Amsa: Amin wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ya shafe ta, kuma ita ce mafi tsanani a cikin duk abin da aka ambata. Ciyawa mai laushi tana kwantawa idan ruwa ya yi ƙarfi, ya bi ta kanta, kaushinta ya ragu. Kacalla kuwa a tsaye take, ta fi ruwan tsayi, don haka duk yadda ruwa ya ƙaru, ƙarin kara da ganye yake tararwa a gabansa, kuma lambar irin wannan wuri tana kaiwa 0.1 har ta wuce. A da, rani yana busar da yawancin waɗannan hanyoyi, ya hana ta kafuwa. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana a kogin Haɗejiya kusan duk shekara, cikar damina mai wanke hanya kuma ta ragu, sai ta sami abin da take so, wato ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Daga nan abu ɗaya yake haifar da ɗaya: kacalla ta rage gudu, laka ta kwanta, zurfi ya ragu, sabuwar kacalla ta tsiro a kan lakar. Ruwa kuwa a mararraba yana bin hanyar da ta fi sauƙi, shi ya sa reshe ɗaya yake mutuwa yayin da wani yake tumbatsa a kan gonaki.

Ƙona ta ko sare ta daga sama ba ya kashe ta, domin saiwarta tana ƙarƙashin laka, tana shaƙar iska ta cikin ganyen da ya leƙo waje. Saran da yake tasiri shi ne wanda aka yi a ƙarƙashin ruwa, aka bar kututturen a nutse, aka kuma maimaita idan ta sake toho. Idan ƙarfin jama'a bai kai ga share faɗin duka ba, ya fi a buɗe siririyar hanya guda wadda ta zarce daga farko har ƙarshe, a kwashe lakarta, domin ruwan da ya taru a cikinta zai yi zurfi da saurin da za su hana sabuwar laka kwanciya, kwalekwale ma ya sami wurin wucewa.